Takardar Arɗo Babu Ɗan Fari

Matasan da ke zuwa wurina neman shiga wannan aiki kusan duk magana ɗaya suke zuwa da ita: sun iya kodin, suna da kwamfuta, a ba su aji kawai. Nakan ce musu madalla. Kodin rubuta wa kwamfuta umarni ne bi da bi har ta yi abin da kake so, wanda ya iya kuwa ba zai kasa nuna wa yaro ba. Sai dai wannan shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren aikin. Nawa aikin shirya zaman ne: wane yaro zai shigo ɗakin, ina zai zauna, wace rana, da wane harshe za a yi masa magana. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yinsa tsakanin Jega da Aliero da Maiyama. Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku karanta har ku kai ga wasu kujeru takwas da aka ware wa yaran ruga a Maiyama, waɗanda saura kaɗan a karɓe musu saboda layi ɗaya da na rubuta da hannuna.

Kafin na shigo sana'ar a gidan rediyo nake, ina fassara labarai ina karantawa. Wata rana aka tura ni Aliero in ɗauko rahoto a kan wani malamin sakandare, Malam Isa, da ke tara yara ran Alhamis yana koya musu kwamfuta. Na yi rahotona na minti uku. Da Alhamis ta zagayo na koma babu rakoda, na ce ina so in koya.

Wata huɗu bai bari na koyar da ko harafi ɗaya ba. Ya ba ni kujera a bayan aji, ya ce, “Malama, aikinki guda ne. Ki duba hannun wa ke bisa maus.”

Maus shi ne ɗan abin nan da ake turawa da hannu, kibiya ta motsa a fuskar kwamfuta. Yara biyu ne a kowace kwamfuta. Na duba. Inda aka haɗa namiji da mace, hannun namijin ne. Inda aka haɗa babba da ƙarami, na babban ne. Inda aka haɗa ɗan cikin gari da ɗan ƙauye kuwa, ɗan ƙauyen ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa, yana tsoron kada ya ɓata kayan mutane. Na kai wa Malam Isa abin da na gani.

Ya ce, “To, mi za mu yi?”

Na ce, “Ai kai ne malamin.”

“Da na sani, da ban aje ki can baya ba.”

Daga nan muka fito da dokar tafi. Duk minti biyar in tafa hannu, maus ya koma hannun ɗayan. Mai riƙe da maus kuma ba ya taɓa komai sai abin da abokin zamansa ya faɗa masa da baki. Har yau da ita nake aiki.

Kayan aikin ba su da yawa. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, batir babba da inbata mai mayar da wutarsa irin ta gida, faifan sola biyu, tabarmi, alli. Allin ya fi komai amfani. Kafin a kunna kwamfuta nakan zana gidaje a ƙasa kamar na dara, yaro ɗaya ya zama akuya, sauran su ba shi umarni har ya kai rijiya: taku biyu gaba, juya, taku ɗaya. In an ba shi umarnin banza, dole ya bi shi a banzarsa. Ana dariya, amma a nan suke gane cewa na'ura ba ta da hankalin kanta. Da sun koma kan kwamfuta, akuyar ce dai da rijiyar, sai dai yanzu umarnin ƙananan tubala ne masu rubutu, ana jawo su ana jerawa.

Wani zama da na yi a garin Katanga shi ya koya mini kula da bakina. Na leƙa aikin wata yarinya na ce, “Akwai kuskure a nan.” Ta rufe kwamfutar a hankali, ta miƙo mini tafin hannunta, ta kau da kai. A inda ta saba jin kalmar, bulala ke biyo bayanta. Tun ranar ban ƙara cewa kuskure a aji ba. Cewa nake yi akuya ta ɓace, a nemo inda ta bar hanya. A Jiga Birni kuma wani yaro mai keken guragu ya zo, ajin yana da matakala uku. Manya biyu suka duƙa za su ɗauke shi, ya ce ya fasa, gida zai koma. Sai muka fito da tabarmi da kwamfutoci gindin dalbejiya, kowa ya zauna ƙasa. Yanzu ba na karɓar ɗaki sai na je na taka ƙofarsa da ƙafata.

Rana ma zaɓenta ake yi. Ba a sa zama ranar kasuwar Jega. Ba a sa shi lokacin dashen albasa, don a Aliero duk yaron da ya iya duƙawa yana fadama. Alhamis ta fi, saboda babu Islamiyya. Iyaye su ne masu ba ka yaran, su ne kuma masu karɓe abinsu, ba sa buƙatar su gaya maka dalili.

Muguwar shekararmu ita ce wadda damina ta yi yawa. Rufin ɗakin da muke ajiya a Jega ya yoye a kan jakunkuna, ba mu gani ba sai bayan kwana biyar. Cikin kwamfutoci ashirin, goma suka tashi. A shekarar aka yi wa Malam Isa canjin wurin aiki zuwa nesa. Makarantun da ke ba mu aji wasu ruwa ya ci katangarsu, wasu aka zuba mutanen da gidajensu suka rushe. Sai da na shekara ina busar da batir ina zagaya ofisoshi. Ƙarshe mutum ɗaya ya buɗe mini ƙofa: Malam Garba, hedimastan wata firamare a Maiyama.

Kwamfuta goma, yara ashirin. Na roƙe shi a ware kujeru takwas saboda yaran wata ruga da ke bayan Liba, don a duk shekarun nan ban taɓa samun ɗan makiyayi ko ɗaya a ajina ba. Ya yarda, amma da sharaɗi. Yaran su kai shekara goma, don tubalan rubutu gare su, sai wanda ya iya karatu. Su zo Alhamis huɗu a jere. Wanda ya yi fashin ɗaya, kujerarsa ta koma ga 'yan gari.

Ya ce, “Malama, ba ƙeta ba ce. Iyaye na tsaye kaina. Ko jiya liman ya aiko ya ce ina sunan jikanai.”

Na koma gida na rubuta takardar rajista. Daga wata ta Turanci na fassaro ta, kuma fassarar ba ta da aibu. Layin farko ya ce: uba ko uwa su faɗi sunan ɗansu da shekarunsa. Na kai wa arɗon rugar, Arɗo Buba. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce akwai makarantar 'ya'yan makiyaya da yaransu ke zuwa, da yawa sun iya haɗa baƙi. Zai tara mutane, malamin makarantar ya rubuta.

Ran Litinin takardar ta dawo. Suna goma sha ɗaya. Shekara shida, bakwai, bakwai, takwas, biyar. Babu ko ɗaya da ya kai goma.

Malam Garba ya karanta ya ajiye. “Na hwaɗa maki. Manyan na bayan shanu, matan na ɗauke da nono. Sun ba ki waɗanda ba su da aikin yi, ki yi musu reno.”

Na ce ya ba ni zuwa Laraba.

“Laraba da azahar. In babu, in cike da nawa.”

Bayaninsa ya shiga hankali, ni ma shi na ɗauka. Talata da hantsi na hau mashin zuwa rugar da jawabina a shirye, a kan amfanin ilimi da yadda awa uku a mako ba za ta kashe garke ba. Na yi wa Arɗo jawabin nan tsaf, kamar ina gaban makirfo. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, “Malama, wa ya ce maki mun hana? Takarda ta ce uba shi hwaɗi ɗanai. Kowa ya hwaɗi wanda ya iya hwaɗi.”

Ban gane ba. Na ɗauka irin maganar manya ce ta sallamar baƙo. Na nemi izinin shiga wurin mata.

A ƙofar wata bukka na tarar da wata mata tana wanke ƙore. Yara mata uku na kusa da ita. Babbar, mai jan gyale, za ta kai sha biyu, tana karanta rubutun jikin jakata da leɓɓanta. Muka gaisa da uwar. Na ce, “Yaranki nawa?”

Ta ce, “Biyu. Ga Kumbo, ga ƙanwarta.”

Na nuna mai jan gyalen. “Wannan fa?”

Matar ta ci gaba da wanke ƙwaryar da ta riga ta fita. “Wagga ta mutane ce.”

Sai wata tsohuwa da ke zaune a inuwa tana kaɗa nono ta fashe da dariya. “Ke Malama! Ke ba ki haihu ba?”

“Na haihu, Inna.”

“To mi sunan na farinki?”

Sai a nan na gane. Ɗana na fari ya yi aure har ya haihu, ban taɓa kiran sunansa ba. In zan yi maganarsa cewa nake yi yaron nan, ko wancan na Birnin Kebbi. A gidanmu ma haka na tashi na gani. A ruga kuwa kunyar ɗan fari ta fi tamu ƙarfi nesa: ba sunan kaɗai ba, uba ko uwa ba za su tashi gaban jama'a su ce ga nawa, a ba shi wani abin alheri ba.

Na zaro takardar na sake karantawa. Sambo. Kumbo. Wani Sambo. A wurin Fulani Sambo ɗa na biyu ne, Kumbo 'ya ta biyu. Na san haka tun ina yarinya. Takardar cike take da na biyu da na uku, tana gaya mini ƙarara cewa akwai na farko a kowane gida, na yi kwana guda ina kallonta ban ji ba. Iyayen rugar yawancinsu matasa ne, don haka yaran da suka kai goma kusan duk 'yan fari ne. Layina ya tace su tas.

Na ce, “Inna, wa ya kamata in tambaya?”

“Sai yanzu kika yi tambayar masu hankali. Ki tambaye ni. Ki tambayi goggonninsu da kawunnansu. Mu ba mu jin kunyar kowa.” Ta nuna yarinyar da maburgi. “Rubuta. Habsatu. Jikata ce, ni Adama. Ƙaton kai gare ta kamar tulu, ban san ko akwai wani abu ciki ba.”

Yarinyar ta ce, “Ya hi naki, da ba ya riƙe inda kika aje goronki.”

“Kin ji ko? Ku tahi da ita, ko na huta.”

Uwar ta ɗauki ƙorenta ta shige bukka, kamar ana maganar wasu mutanen wani gari.

A bayan takardar na ja sabon layi: kaka, ko goggo, ko kawu su faɗi sunan yaro. Inna Adama ta ɗauki sandarta ta zagaya da ni. Kafin azahar na sami suna tara, ɗaya ya haura abin da nake nema. Amma da za mu rabu ta riƙe mini hannu.

“Wagga Alhamis na roƙa ma Habsatu. Sauran ukun ban sani ba. Ita ka kai nono Maiyama ran Alhamis, nono kuwa na uwarta ne. Ni ba ni shiga.”

Na ce ko in yi wa uwar magana.

“Ki ce mata mi? Ta bar ɗiyar da ba ta san da ita ba?”

Na ga gaskiyarta. Duk wanda ya je ya roƙi matar nan saboda Habsatu ya tilasta mata ta nuna tata ce, kuma amsar da kunya za ta bari ta bayar ita ce a'a.

Laraba kafin azahar na ajiye wa Malam Garba takardar. Ya bi shekarun da yatsa. Ya ce, “Ina kika samo su?” Na gaya masa. Ya yi dariya har da dafa tebur. “Ni da nike Bahillace ta wurin uwa! Wallahi ko ni aka ba takardar nan, da ƙanen zan rubuta.” Ya ƙara benci saboda na taran. Sharaɗin Alhamis huɗu dai ya ce yana nan.

A daren ban yi komai ba sai gyara tsarin rufe taro. Da, in an gama, nakan kira yaro in ce uwarsa ko ubansa su fito su tsaya kusa da shi. Na soke wannan. Na sa a kira wanda ya ba da sunan.

Ran Alhamis a-kori-kura ta kawo su tara, da tsofaffi uku a gaba. Na haɗa kowane ɗan ruga da ɗan gari. Habsatu ta faɗa tebur ɗaya da jikan liman, yaro mai baki.

Ya dube ta ya ce, “'Yar Hillani, kin taɓa ganin kwamfuta?”

Ta ce, “A'a.”

Ya ja tubalansa da sauri, ya danna. Akuyar ta wuce rijiya ta bugi bango.

Ta ce, “Kai da ka taɓa gani, ga akuyarka can tana cin katanga.”

Na tafa. Ya miƙa maus yana ƙunƙuni. Ta riƙe shi da hannu biyu, kibiyar na gudu ko'ina, sai da ya nuna mata yadda ake kwantar da tafi a kai. Na sake tafawa, maus ya koma wurinsa, baki ya koma wurinta. Aikin shi ne akuya ta zagaya shinge mai kusurwa huɗu. Duk ajin suna jera tubali goma sha biyu. Ita ta tsaya tana kallo.

Ta ce, “Malama, ai abu guda ne. Taku biyu, juya. Taku biyu, juya. Babu yadda za a ce mata ta yi ta yi har sau huɗu?”

Akwai. Tubalin maimaitawa ne, kuma darasin mako na uku ne. Na nuna mata inda yake. Ta sa yaron ya jawo shi, akuyar ta zagaya shingen ta tsaya cak a bakin rijiya. Sai ta juya ta bayyana wa sauran yaran rugar da Fillanci, cikin jimla biyu, abin da da ni ce zan yi minti goma a kai. Da aka zo rufewa na kira Inna Adama. Ta fito da sandarta, ta leƙa fuskar kwamfutar, ta ce akuyar ramammiya ce, a ba ta dusa.

Malam Garba ya raka mu bakin mota. Ya ce, “Tara yau. Mu gani mako mai zuwa.” Kai tsaye ya faɗa, kuma na san zai cika.

Na bi motar har ruga don in mayar da yaran hannun waɗanda suka ba ni. La'asar ta yi, shanu ba su dawo ba tukuna. Yara suka watse suna ihu. Ina ɗaure jakata a bayan mashin sai ga uwar Kumbo ta zo wucewa da tulu, ta tsaya ɗan nesa da ni, fuskarta wajen daji.

Ta ce, “Malama, an dawo lahiya?”

“Lafiya lau.”

“Ɗiyan mutane da kunka ɗauka, babu wanda ya ba ku wahala?”

Na san ba zan kira suna ba, ba kuma zan ce 'yarki ba. Na ce, “Babu. Akwai dai wata mai jan gyale. Abin da na shirya koyarwa nan da mako biyu, ita ta nemo shi yau da kanta, ta koya wa sauran.”

Ba ta juyo ba. Ta gyara zaman tulun a kanta.

“Ban lura da ita ba,” in ji ta.

Ta yi taku uku, ta tsaya.

“Ki hwaɗa ma tsohuwa, ran Alhamis ni ka kai nono Maiyama. Ƙahwata na son tahiya kwanan nan.”

Na ce, “Alhamis mai zuwa?”

“Har ukun.”

Ta wuce rijiya. Na je na gaya wa tsohuwa.